Tankin Fijo Da Sabulun Hajiya Uwani

Akwai wani bakanike a Ƙofar Ruwa da ake kira Malam Adamu. Dattijo ne, gemunsa ya yi fari, amma har gobe shi ke shiga ƙarƙashin mota da kansa. Mutum ne mai saurin tsaki. In ka kawo masa mota ka fara koya masa aiki, zai ajiye sifana ya zuba maka ido har ka gama, sannan ya tambaye ka ko ka taho da kayan aikinka.

To, irin wannan mutumin Allah ya haɗa da Alhaji Nazeer.

Nazeer shadda yake sayarwa a Kantin Kwari, gidansu yana Zangon Barebari. Ba mugun mutum ba ne, hannunsa a sake yake. Matsalarsa ɗaya ce: duk abin da ya kalla a waya sau biyu, shi ke nan ya zama gwani a kai.

Mahaifinsa, marigayi Alhaji Isyaku, ya rasu ya bar wata tsohuwar Fijo 404 fara. Shekara goma sha tara tana tsaye a rumfar ƙofar gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. A cikin motar nan aka kawo Hajiya Uwani, mahaifiyar Nazeer, ranar da ta tare. Da aka sa ranar auren Safiya, 'yar Nazeer ta fari, tsohuwar ta ce ita buƙatarta ɗaya ce a bikin nan: a kai jikarta ɗakin miji a motar da aka kawo ta.

Ranar da aka zo jan motar zuwa gareji, Hajiya Uwani ta sa aka kira mata Malam Adamu zaure.

Ta ce, "Adamu, ka san motar nan tun gemunka yana baƙi. Jikata zan sa a ciki. Amana na ba ka."

Ya ce, "Na karɓa, Hajiya. Allah ya ba mu iko."

Tsohon injin ya riga ya mutu murus, don haka Nazeer ya sayo wani ɗan Beljiyam mai injekta. Sati uku Malam Adamu ya yi yana fama kafin injin ya zauna daidai a cikin motar. A cikin satin ukun nan babu ranar da Nazeer bai zo ya tsaya masa a ka ba, waya a hannu, yana nuna masa yadda wani Bature ya yi nasa. Malam Adamu ya yi ta haɗiye magana har cikinsa ya cika.

Ranar Litinin aka zo kan hanyar mai. Kai amarya kuwa ranar Asabar ne bayan la'asar.

Nazeer ya iso da sabon famfon mai a kwali, ya dire a kan bonet.

"Ga shi nan, Malam Adamu. A ɗaura a tayar yau. Aikin minti arba'in ne, na gani."

Malam Adamu ya goge hannu. "Alhaji, zauna in faɗa maka. Tsohon injin kafireta gare shi. Mai a hankali yake zuwa masa, ko galan ka rataya a sama ka sa tiyo zai sha ya tashi. Wannan sabon ba haka yake ba. Famfon nan da ƙarfi yake tura mai, ya ninka na da sau goma. Tsohon tiyo ba zai ɗauka ba. Sannan ba duk man da aka tura injin ke sha ba, ragowar dole ya koma tanki. Sai mun ja bututu na biyu, mun huda masa mashiga."

"A huda me?"

"Tanki. Dole ma a sauke shi a wanke. Shekara goma sha tara yana tara tsatsa."

Nazeer ya girgiza kai. "Tankin nan da shi motar ta fito daga kamfani. Ba wanda zai huda shi."

Malam Adamu ya ɗauki sukundireba ya kwanta a ƙasa, ya ɗan kankari gindin tankin, ya fito da wani farin abu busasshe a tafin hannunsa.

"Ka san wannan?"

"Mene ne?"

"Sabulu. Tankin ya daɗe da hujewa. Marigayi da sabulu yake liƙe shi in ya fara ɗiga. Haka direbobin da suke yi, fetur ba ya narkar da shi. Na ƙirga wuri bakwai."

Nan fa Nazeer ya hau faɗa. Ya ce mahaifinsa mutum ne da aka sani a garin nan, ba zai liƙe mota da sabulu kamar direban tasha ba. Ya ce dama an faɗa masa tsofaffin makanikai ba su san injin zamani ba, sai jan aiki da tsoratar da mutane.

Ran Malam Adamu ya ɓaci ƙwarai. Ya yi tsaki mai tsawo.

"Alhaji, ni ba zan ɗaura famfon nan a kan tsohon tiyo ba. Amarya za a sa a motar nan, ba buhun gawayi ba."

"To, akwai masu yi."

Kafin azahar an zo an ja motar zuwa wajen wani Ɗantani a bayan kasuwa, wanda aka san shi da cewa ba aikin da ke kwana a hannunsa. Malam Adamu yana tsaye yana kallo aka fita da sati ukunsa a ɗaure da igiya.

Ranar Laraba da hantsi yana zaune a benci sai ya ji hon. Fijo ce, an wanke ta tana sheƙi, Nazeer a ciki da babbar riga da hannu ɗaya a taga. Ya rage gudu daidai garejin, ya taka mai sau biyu don kowa ya ji, ya ɗaga hannu.

"Malam Adamu, minti arba'in."

Maƙwabta suka yi dariya. Malam Adamu bai yi ba. Idonsa yana kan baƙin hayaƙin da ke fita daga salansa, hancinsa kuma ya cika da warin ɗanyen fetur. Da motar ta wuce ya duba ƙasa, ga ɗigon mai a jere har bakin titi.

Ya kira Nazeer sau uku, ba a ɗauka ba. A na huɗu aka kashe.

Ya zauna yana ƙwafa. Zuciyarsa ta ce masa ya rabu da su, ai ba shi ya kori kansa ba. Amma maganar zaure ta ƙi barinsa. Bayan la'asar ya wanke hannu ya sa riga, ya hau Adaidaita zuwa Zangon Barebari.

Gidan ya cika da mata ana ta hidimar biki. Hajiya Uwani ta fito zaure tana dogara sanda. Ya gaya mata komai, har da sabulun, yana ɗan jin nauyi kada ta ga ya ci fuskar marigayi.

Tsohuwar ta yi dariya har tana tari.

"Adamu, ai tankin nan ya ci sabuluna fiye da wankina. In na ajiye sabon sabulu na nema na rasa, na san inda ya tafi. Sau ɗaya a hanyar Wudil ni na riƙe masa fitila yana liƙewa. Shi Nazeer yana goye a bayana, ina zai sani?"

Sai ta daina dariya. "Yanzu me kake tsoro?"

"Wuta, Hajiya."

Malam Adamu ya ga yadda fuskarta ta sauya, ya ji tausayinta, don ya san ba ƙaramin buri ta ɗora a kan motar nan ba.

Ta ce, "Safiya ba za ta taka motar nan ba sai ka ce ta taka. In ba ta yiwu ba, shi ke nan, Allah bai nufa ba."

Da Nazeer ya dawo ta yi masa magana, ya ce hassada ce kawai irin ta masu sana'a. Don ya nuna wa kowa, ya ce gobe Alhamis shi da kansa zai kai labulaye da filalla gidan amarya wajen jere, a cikin Fijo.

Ranar Alhamis Malam Adamu ya koma gida cin abincin rana. Matarsa Jamila ta ajiye masa shinkafa da wake, ya kai loma biyu ke nan wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce.

"Kai ne Malam Adamu bakanike? Wani Alhaji ne ya ce a kira ka. Motarsa ta kama da wuta a Ƙofar Nassarawa. An kashe, amma ka zo."

"Shi lafiyarsa ƙalau?"

"Da sauƙi. Gira dai ta tafi."

Malam Adamu ya ajiye waya, ya yi hamdala, ya ci gaba da cin abincinsa.

Jamila ta ce, "Malam, ba za ka je ba?"

"Ya kira mai minti arba'in."

"Haka za ka ce?"

"Oho. Ni na faɗa masa a gareji, na kira shi a waya, na bi shi har gida. Me ya rage, in goya shi?"

Jamila ta ɗauke kwanon daga gabansa ta rufe. "Ɗantani tsohuwar nan ta ba amana ko kai?"

Ya kalle ta, ya kalli kwanon, ya yi tsakin da har maƙwabta sai da suka ji. Sannan ya tashi ya ɗauki hularsa.

A gefen titi ya same su, mutane sun yi cincirindo. Bonet a buɗe, an zuba wa injin ƙasa da ruwan omo. Masu Adaidaita da wani mai shayi ne suka kashe wutar. Nazeer yana zaune a kan dakali, babbar rigarsa da ya yi ta dukan wutar da ita ta ƙone rabi, hannunsa na dama ya tashi, girarsa kuwa babu ko ɗaya. Wayar Ɗantani a kashe take tun kira na farko.

Malam Adamu ya leƙa cikin injin. Bai ɗauki minti ɗaya ba ya gano. Tsohon tiyon ne, an ɗaure bakinsa da waya, ya tsage a tsaye ya fesa fetur a kan ƙarfen salansa mai zafi. Wurin da ragowar mai zai fita ya koma tanki kuwa, an cusa masa ƙusa an toshe.

Ya yafito Nazeer.

"Ka gani? Famfo yana turawa, ba hanyar komawa. Mai ya nemi inda ya fi rauni ya fita. Yau labule ne a baya. Jibi wa za ka sa?"

Nazeer ya kalli kujerar baya. Can ya ce, "Malam Adamu, na yi kuskure. Ka yafe mini. Hajiya ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan."

Malam Adamu yana da maganganu da yawa da ya tanada tun ranar Litinin, kuma ya so ya juye su duka a gaban mutane. Da ya ga idon mutumin ya kawo ruwa sai ya fasa.

"Ka je a duba maka hannun nan. Gobe bayan sallar asuba ka same ni a gareji. Kada ka zo da babbar riga. Wayarka kuma ta zauna a aljihu. Kai za ka wanke tankin."

Aka sake jan motar zuwa Ƙofar Ruwa, da igiyar da aka fita da ita.

Ranar Juma'a da sassafe suka sauke tankin. Malam Adamu ya juye man da ke ciki, ya zuba tsakuwa da ruwan omo, ya toshe bakin, ya ce Nazeer ya kama gefe ɗaya da hannunsa mai lafiya. Suka yi ta girgizawa. Da aka tuntsurar, wani jan ruwa ya fito mai kauri kamar kunun kanwa.

Nazeer ya ce, "Ya isa ko?"

"Sake."

Sau tara suka yi kafin ruwan ya fito fari. Sannan Malam Adamu ya ba shi sukundireba ya ce ya kankare sabulun da kansa. Ɗaya bayan ɗaya ramukan suka bayyana, har bakwai. A na ƙarshen akwai shatin babban yatsa a jikin busasshen sabulun. Nazeer ya daɗe yana kallonsa kafin ya kankare.

Aka cika tankin da ruwa kafin mai walda ya kusance shi, don tankin da ya taɓa shan fetur ba a kai masa wuta a bushe. Aka liƙe ramukan, aka huda sabuwar mashiga a sama. Suka tafi masallaci, suka dawo suka shanya shi a rana. Mai gyaran wayoyin mota ya zo ya canza waɗanda suka ƙone.

Ranar Asabar Malam Adamu ya ja bututun ƙarfe biyu a ƙarƙashin motar, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa, nesa da salansa. Ya ɗaura famfon a ƙasa kusa da tanki, da matacin mai ɗaya a gabansa ɗaya a bayansa. Ya sa sabon tiyo mai ɗaukar ƙarfin injekta, kowane baki da kilif ɗinsa, ya sa wa famfon fiyus.

Ƙarfe goma sha biyu ta wuce. Daga gida ana ta kiran Nazeer, wayar tana ta rawa a aljihunsa.

"Malam Adamu, mu tayar mana."

"Murɗa makulli, kada ka tayar. Famfo kawai nake son ji."

Famfon ya yi ɗan gurnani. Malam Adamu ya ɗauki farin ƙyalle ya bi kowace mahaɗa yana gogawa yana shinshinawa, daga tanki har inji. A ta shida ƙyallen ya jiƙe kaɗan.

Nazeer ya ce, "Ai wannan ɗan gumi ne kawai."

Malam Adamu ya ɗago kai daga ƙarƙashin mota ya kalli inda girar Nazeer take a da. Nazeer ya shafa wurin, ya miƙo masa sifana.

Aka kwance mahaɗar aka sake ɗaurewa, aka sake bi tun daga farko. Sai da ƙyallen ya fita a bushe sau biyu sannan aka tayar. Injin ya tashi lafiya, ba baƙin hayaƙi, ba wari. Malam Adamu ya bar shi yana aiki awa guda, ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ko ɗigo bai sauka ba. Ya zaga da ita har Ƙofar Dawanau ya dawo ya sake dubawa.

Abu ɗaya ne bai samu gyara ba: fentin bonet da ya ƙone ya yi baƙi a tsakiya. Nazeer ya so a rufe shi da kwalliyar biki. Da suka isa ƙofar gida Hajiya Uwani ta gani, ta ce a bar shi haka, kuma kada a yi masa fenti har gaba, yana da amfani Nazeer ya riƙa ganinsa.

Bayan la'asar aka fito da Safiya a lulluɓe. Tsohuwar ta tsaya a bakin motar ta kalli Malam Adamu.

"Ta shiga?"

"Ta shiga, Hajiya."

"To, kai za ka ja mu. Nazeer ya zauna a gefenka ya yi kallo."

Aka shigar da amarya, kakarta ta zauna kusa da ita. Tsohuwar ta shafa kujerar da tafin hannu, hawaye ya zubo mata. Malam Adamu ya gani ta madubi, sai duk haushin da ya tara na wata guda ya bi ruwa.

Kafin ya sa giya, tsohuwar ta buɗe jakarta ta fito da sabon sabulu a takardarsa.

"Shekara talatin ban taɓa shiga motar nan babu wannan a jakata ba. Yau ma hannuna ne ya ɗauko da kansa."

Malam Adamu ya ce, "Ki mayar, Hajiya. Ba za a neme shi ba."

Ba ta mayar ba. Ta miƙa shi gaba ta dafa kafaɗar ɗanta, wanda har lokacin faratansa ja suke da tsatsar tanki.

"Ungo. Ubanka bai taɓa kallon bidiyo ba, amma ya san inda motarsa ke ɗiga."

Nazeer ya karɓa da hannu biyu. Har aka sauke amarya a ƙofar ɗakinta sabulun yana kan cinyarsa, wayarsa kuma tana aljihu.

Darasi: Kallon abu a waya ba shi ne sanin sa ba. In mai sana'a ya ce a tsaya a yi aiki yadda ya kamata, ka saurare shi, musamman inda ran mutane yake. Gaggawa da girman kai sun kusa sa Nazeer ya zaunar da 'yarsa a kan wuta. Kai kuma da aka ba amana, kada ɓacin rai ya sa ka yar da ita, ko da an wulaƙanta ka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san yana tsaya wa bakanike a ka da waya a hannu.